Kamu Goma Sha Shida na Rumfar Jiratawa

Ɗan farina ya dawo gida daga Yamai a shekarar da ake rigimar tazarce. Ba zan faɗi sunansa ba, ban taɓa faɗa ba, kuma jikata da ke rubuta mini wannan magana ta san kada ta sa shi. Mu haka aka rene mu a Tibiri. Ɗan fari ba a kiran sunansa, ba a yi masa wasa a gaban mutane, ba a zama ana hira da shi. Da aka yaye shi kakarsa ta wajen uba ta ɗauke shi, a ɗakinta ya girma, ni kuwa ina ganinsa yana ratsa tsakar gida kamar ɗan maƙwabta. In ina da magana da shi sai in faɗa wa wani, shi yana ji. Yaran yanzu sun ce wannan rashin so ne. Su suka sani.

Aikinsa ne ya mutu. Yana cikin wani poroje na masu ba da taimako, mai gina ɗakunan lakwal, wato makarantar boko, a ƙauyuka, shi ne mai zana musu rufi. Da rigimar mulki ta yi zafi, masu ba da taimakon suka janye hannu, aka rufe wurin. Sai ga shi a ƙofar gidanmu na Sabon Gari a Maraɗi, da matarsa, da yara biyu, da katifu a ɗaure a kan mota, da wata baƙar jaka da bai yarda kowa ya ɗauka ba. Shekarunsa sun kusa arba'in. Na ga furfura ta fara fito masa a gemu, na ga ya rame. Na ce wa matarsa, "Ke yarinya, a Yamai ba a dafa tuwo ne?" Iyakar sannu da zuwan da na yi masa ke nan, kuma ya gane.

Malam, mijina, kafinta ne na rufi. Ubansa ya gada, tun ana rufi da azara, har aka koma katakon da ake shigowa da shi daga Najeriya. Dogon mutum ne, in ya tsaya hannuwansa kamar za su taɓa gwiwa. Yana da metir, irin mai naɗewa, amma a ƙusa yake rataye, ba ya sauko da shi sai in ma'aikacin gwamnati ne ya kawo aiki. Shi da hannunsa yake awo. Ya kafa gwiwar hannu a kan katako, ya kwantar da hannun har ƙarshen doguwar yatsa, wannan kamu ɗaya ke nan. Ya sa alli, ya matsa, ya sake. Gidaje nawa ne a Maraɗi suke ƙarƙashin wannan hannu, ban iya ƙirga ba.

Wurin aikinsa yana ƙofar gida, kuma in na zauna bakin murhu ina hango komai ta zaure. Shekara arba'in da wani abu ina kallo ta wannan zaure. Ban taɓa riƙe zarto ba, amma daga ƙarar yankan ina sanin ɗanyen katako da busasshe.

A cikin baƙar jakar nan akwai ordinatar, wato kwamfuta, siriri kamar faranti biyu da aka kife wa juna. In akwai kuran, wutar lantarki ke nan, sai ɗan farina ya zauna gindin darbejiya ya buɗe shi. Na taɓa wucewa ta bayansa da tsintsiya, na saci kallo. Na ga ƙashin rufi a tsaye, ba bango ba kwano, katako kawai a haɗe, kuma yana juya shi da yatsa ɗaya, ya duba ta sama, ya duba ta ƙasa. Na ci gaba da shara.

Ƙanena manomi ne a Jiratawa, yana da fili a wurin noman rani. Ranar da ya kawo mana zogale da tattasai ya tarar da shi a haka, ya tsuguna yana kallo, baki buɗe.

"Wanga abu nawa ka saye shi?" in ji ƙanena.

"Akwatin saye na yi, Kawu. Amma abin da ke cikinsa mai zana rufin, kyauta ne. Mutane ne a ƙasashe da yawa, da kafintoci da masu ilimin gini, suka haɗu suka yi shi, suka bar shi a buɗe. Ka gaya masa faɗin ɗaki da kaurin katako, shi kuma ya gaya maka ko zai ɗauki nauyi. In ka ga wani wuri bai yi daidai ba, kana iya shiga cikinsa ka gyara, sai ka aika musu gyaran kowa ya samu."

"To wa ne sarkinsu?"

"Ba su da sarki, Kawu."

Malam yana zaure yana wasa zarto, rediyonsa na ta zuba zancen jam'iyyu. Bai juyo ba ya ce, "Shi ya sa. Irin ƙasarmu ke nan, kowa da bakinsa. In rufin ya faɗo wa mutane a ka, wa za a kai wajen alƙali? Akwatin?"

Ƙanena ya yi dariya. Ɗan farina ya yi murmushi ya rufe abinsa.

Ni kuwa na gane abin da yake nufi tun kafin ya gama. Gayya ce. Ina yarinya a Tibiri, in gona ta fi ƙarfin mai ita sai a kira gayya, samarin gari su fito da hauyoyinsu, mu mata mu dama fura. Ba wanda ake biya, kuma ba wanda zai ce kunyar nan tawa ce. Sai dai ita gayyar tasa, mutanen ba su taɓa ganin juna ba. Wannan ne kawai ban gane ba, har yau.

Wata huɗu Malam bai ba shi aiki ba. Ba faɗa suka yi ba, ina ma faɗa ne. Da safe ya fito ya durƙusa ya gaida ubansa, uban ya amsa, shi ke nan. In ya ɗauki katako zai taimaka, Malam ya ce, "Bari, kada ka ɓata hannun rubutu." In mai aiki ya zo, Malam ya ce, "Ga mushen namu daga Yamai," wato malamin boko, mutumin ya gaishe shi da girmamawa, sannan ya juya wa Malam su yi maganar aikin. Abin ya samo asali tun da daɗewa. Malam ya so yaron ya tsaya a gefensa ya gaje shi, sai aka rubuta sunansa a lakwal, kansa kuma ya ja, ya yi ta gaba. Malam bai taɓa cewa ya ji zafi ba. Ni da nake kai masa abinci na sani.

Sojoji suka karɓi mulki, zafi ya shigo, hatsi ya yi tsada a kasuwa. Wata rana muna tsince shinkafa da surukata, sai ta ce, ba ta ɗago kai ba, "Inna, ya ce in har ruwa ya kusa sauka bai samu abin yi ba, zai bi mota zuwa Agadas. Daga can Libiya. Ya riga ya yi magana da mai motar."

Na ce, "Cire tsakuwar can, kina kallonta."

Amma ranar sau biyu na zuba gishiri a miya. Na san mutanen unguwarmu da suka bi hanyar nan. Wasu sun aiko da saƙo, wasu shiru. Wannan ɗa ban taɓa samunsa ba. Kakarsa ta riƙe shi, lakwal ta riƙe shi, Yamai ta riƙe shi. Yanzu da tsufana ina jin tarinsa ta bayan katanga, ina sanin ya ci ko bai ci ba, sai a ce zai shiga hamada.

Ana nan sai ƙanena ya dawo da magana. Su manoman da ke kusa da shi sun haɗa kai sun tayar da bango biyu dogaye, suna son rumfar ajiye albasa kafin damina. Amma ba su son ginshiƙi a tsakiya, don amalanke ta shiga ta juya ta fito. Malam ya hau kabu-kabu ya je ya auna, ya dawo ya ce ba zai yiwu ba. Faɗin ya yi yawa, katako zai lanƙwashe, dole a kafa ginshiƙai.

Ɗan farina yana gefe. Ya ce a hankali, "Baba, in aka haɗa katakon mai kusurwa uku, aka tokare cikinsa, zai tsaya ba ginshiƙi."

Malam ya dube shi, ya dubi ƙanena. Ya ce, "To ga shi nan. Ba shi aikin."

"Da gaske, Yaya?" in ji ƙanena.

"Na taɓa yi maka wasa da aiki?"

Da ƙanena ya tafi, ɗan farina ya matsa kusa ya ce, "Baba, faɗin nawa ne?"

"Kamu goma sha shida," in ji Malam, ya ƙara muryar rediyo.

Wanda ba ɗan gida ba zai ce, to me ya hana shi ɗaukar metir ya je Jiratawa ya auna da kansa? Ga ta nan kusa. Amma ubansa ya riga ya auna. In ya je ya sake ɗora metir a inda hannun ubansa ya bi, a gaban kawunsa da manoma, ya gaya wa duniya ke nan awon tsoho ba abin yarda ba ne. Ba zai yi ba. Ko ni da ya yi, da na ji haushinsa.

Washegari ina shanya barkono sai na hango shi ta ƙofar ɗakinsu. Ya shimfiɗa metir a tabarma, ya kafa gwiwar hannunsa a kai, ya kwantar da hannun, ya duba, ya rubuta a ordinatar. Na ɗauka wani abu ne na ƴan boko, na wuce.

Kwana uku yana zane. Aka kawo katako a amalanke, aka jibge a ƙofar gida. Ran na huɗu da safe ya share fili a gaban wurin aikin, ya ja igiya, ya zana siffar rufin da alli a ƙasa, daidai girman da za a yanka. Fuskarsa ta sake. Har waƙa na ji yana yi ƙasa-ƙasa, irin wadda kakarsa ke yi in tana kaɗi. Ya ce wa matarsa bayan la'asar, in rana ta yi sanyi, zai fara yanka.

Na fito zan je gaisuwar haihuwa a maƙwabta, na bi ta gefen zanen. Sai na tsaya. Na sha ganin Malam yana zana kamu goma sha shida a wannan fili, kuma kullum ƙarshen allin yana kai wa gindin turken da ake ɗaure akuya. Wannan bai kai ba. Ko kusa. Nan take hannun nan a kan metir ya dawo mini. Ni ce mai sayo musu shadda in salla ta zo, ni ce mai kai wa tela tsoffin rigunansu ya gwada. Yaron nan ba ubansa ya biyo ba, mutanenmu ya biyo, gajerun hannuwa irin na mahaifina. Kamun Malam ya fi nasa da yatsa uku. Yatsa uku sau goma sha shida, ban san lissafin lakwal ba, amma na san katakon ba zai hau bango ba.

Na fasa gaisuwar. Bayan azahar na kai wa Malam fura ɗakinsa, na ja ƙofa.

"Malam, ka ga abin da ya zana a ƙasa?"

"Ina da ido."

"Ya gaza."

"Da kamu ɗaya da rabi, har da ɗori," in ji shi, ya kai ludayi baki.

"Ka sani ka yi shiru?"

"Ya ce kamu nawa, na faɗa masa. Bai ce kamun wa ba. Ba yana da akwati mai sanin komai ba? Ya gaya masa mana."

"In aka kai katakon nan Jiratawa ya ƙi hawa, mutane za su yi dariya kwana biyu su manta. Shi ba zai manta ba. Mota zai shiga. Kai kuma ka zauna da rediyonka."

"Ke ƴar Tibiri, yau kika san kina da ɗa? Ke da ko sunansa ba ki faɗi?"

Na dube shi har sai da ya sauke ido. Ya ajiye ludayin ya ce, murya ƙasa, "Wata huɗu yana gidan nan. Ko sau ɗaya bai ce, Baba nuna mini ba."

"Kai ka bar shi ya taɓa katako?"

Na ɗauke ƙwaryar bai gama sha ba, na fito.

Na kira surukata na ce ta je ta gaya wa mijinta awon nan bai yi ba, hannu ba ɗaya ba ne. Ita ƴar Yamai ce, yarinyar kirki, amma ba ta san kan katako ba. Ta je ta dawo ta ce, "Inna, ya ce ki kwantar da hankalinki, sau uku ya duba lissafin, daidai yake."

Na shiga ɗaki na buɗe akwati na fito da rigar Malam. Na sa ta ta ɗauko ta mijinta. Na tsoma su a ruwa, na shanya a igiyar da ke gaban darbejiya, inda yake zaune, kafaɗa da kafaɗa, hannu a kan hannu.

"Inna, ai jiya na wanke su," in ji ta.

Na ɗaga murya. "Dubi nan, ke! Wace ce ta tsoho, wace ce ta mijinki? Ba ki ga wannan hannun ya fi wancan ba? Yatsa uku cur. Mutum ya zauna gida bai san tsawon hannun ubansa ba?"

Ta tsaya tana kallona, idonta ya kawo ruwa, ta ɗauka da ita nake. Shi kuwa ko ɗagowa bai yi sosai ba. Ya ce, "Inna, a yi mata haƙuri, ba za ta sake ba." Ya koma kan ordinatar ɗinsa. Duk karatun nan.

Aka kira la'asar. Suka je masallaci suka dawo, kowa ta gefensa na hanya. Ina bakin murhu ina kallo ta zaure. Ya ɗora katako na farko a kan benci, ya sa alama, ya ɗauki zarto. Malam yana zaune a kujerarsa yana juya rediyo a hannu, ya kashe ya kunna, ya kashe ya kunna. Na jira ya buɗe baki. Na ji haƙorin zarto ya kama katako.

Ban san lokacin da na ratsa zauren ba, ko mayafi ban ɗauka ba. Na ce, "Kai!"

Ya tsaya. Tun da aka yaye shi ban taɓa fuskantarsa da magana haka ba, kuma a bakin hanya. Na kama hannunsa na dama. Hannun da na sani ɗan ƙarami ne mai laushi, wannan kuwa na dattijo ne, da gashi da jijiyoyi. Na ja shi har gaban ubansa. Na ce, "Malam, ɗora."

Malam ya dube ni kamar zai yi gardama. Sai ya tashi ya kafa gwiwar hannunsa a kan benci. Na kafa na ɗan a gefensa, gwiwa daidai da gwiwa, na danne su. Yatsun tsohon suka wuce, suka bar nasa a baya.

Ya daɗe yana kallon hannuwan biyu. Sannan ya waiga ya dubi zanen allin, ya dubi tulin katakon da saura kaɗan ya yanka duka. Ya ce, "Innalillahi." Gumi ya karyo masa.

"Hannun mutanen Tibiri," in ji Malam. "Ko tuwo sai an matso musu da akushi."

Mai shayin da ke tsallaken hanya ya fashe da dariya. Ni na saki hannun na koma ciki da sauri. Surukata ta ba ni ruwa, ta ce, "Ashe ba da ni kike ba." Na ce ta je ta kwashe rigunan mutane kafin rana ta cinye su.

Sauran ta zaure na gani. Ya sauko da metir ɗin ubansa daga ƙusa, ya durƙusa ya ce, "Baba, a ba ni hannun in auna." Malam ya miƙa, yana kallon wani wuri. Ɗan ya ɗauko ordinatar ya ɗora a benci, ya goge lamba ɗaya ya sa wata. Malam ya ɗan leƙa ta wutsiyar ido, sai na ga ya matso gaba ɗaya. Daga baya ya ba ni labari, wai rufin duka ya miƙe a gabansa, kowane katako ya ƙara tsawon da ya dace da shi, ba wanda ya taɓa shi.

"Sake yi in gani," in ji shi.

Ya sake.

"Hm. Wanga na tsakiya, kaurinsa nawa ka gaya masa?"

Ya faɗa.

"Haka mai katako ya ce maka? Ƙarya yake. Ɗanye ne, in ya bushe zai rage. Je ka auna wancan tsohon da ke jingine, shi ne gaskiya. Kuma akwatinka ya san iskar da ke zuwa gaban hadari daga gabas? Ita ba danna rufi take ba, ɗaga shi take. Na ga kwano ya tashi daga Sabon Gari ya sauka a gonar mutane."

"Akwai wurin sa iska, Baba, amma ban san yadda kuke ɗaurewa a bangon ƙasa ba. Nuna mini."

Malam ya ja kujerarsa har jikin benci, ya ce a miƙo masa alli. Har aka kira magariba ba wanda ya tuna da rediyo.

Mako biyu suna yanka suna haɗawa, suna musu. Musun nasu ya fi mini kiɗa daɗi. Ɗaya ya ce lissafi ya ce, ɗaya ya ce lissafi bai taɓa hawa bango ba. Suka shafe katakon da baƙin man mota saboda gara, gidan ya yi ta wari, ban yi ƙorafi ba.

Ranar ɗorawa na ce zan je Jiratawa duba matar ƙanena, wai ba ta jin daɗi. Lafiyarta ƙalau, ita ma ta san abin da ya kawo ni. Muka zauna gindin mangwaro nesa kaɗan, muna gyaran zogale. Manoma sun fi ashirin, da igiyoyi da dogayen sanduna. Suka ɗaga haɗin katako na farko, suna kabbara suna zagin juna, ya yi lilo a sama, sannan ya sauka. Gefe ɗaya ya zauna a bango, ɗaya gefen ma ya zauna. Na ga ɗan farina ya dafa bango ya sunkuyar da kai.

Da aka gama jera su aka ɗaure, Malam ya shiga tsakiya, inda ya ce sai an kafa ginshiƙi. Ya sa aka kawo masa turmi, ya hau, ya kama katakon ƙasa da hannu biyu, ya ɗauke ƙafafunsa. Haka yake gwada kowane rufi tun yana saurayi. Tsoho mai shekara saba'in yana reto, riga ta tattare, takalmi ɗaya ya faɗi.

"Yaya, sauko kada ka karye mana!" in ji ƙanena.

"Ku zo ku biyu ku kama ƙafata!"

Suka kama, suka rataya. Katakon ko ƙara bai yi ba. Ya sauko yana haki, ya nemi takalminsa, ya ce wa manoman, "Ya yi." Wani ya ce, "Aikin mushe ne ko naka, Malam?" Ya ce, "Lissafin nasa ne. Hannun nawa ne." Matar ƙanena ta zungure ni da gwiwar hannu. Na ce mata ta kula da zogalenta, ta zubar da rabi a ƙasa.

Bayan kwana kaɗan wata sabuwar gardama ta tashi a zaure. Ɗan farina ya ce ya ƙara wa abin zanen wani wuri, inda kafinta zai auna hannunsa sau ɗaya ya sa, daga nan ya riƙa ba shi awo da kamu da taƙi. Ya kuma rubuta yadda ake ɗaure rufi a bangon ƙasa, kamar yadda ubansa ya nuna masa. Yana so ya je siber, shagon intanet, ya aika wa mutanen nan nasa da suka yi abin zanen.

"Ɗaurin da ubana ya koya mini za ka ba wa mutanen da ban sani ba? A banza?"

"Su ma a banza suka ba ni nasu, Baba. Da shi muka tsayar da rumfar Kawu."

"Kafintocin garin nan ma ba duka na nuna wa ba."

Ina tankaɗe a tsakar gida. Na ce wa surukata, da ƙarfi, "Ke yarinya, a garinmu wanda ya ci furar gayya ya ƙi fitowa da hauyarsa, mata har waƙa suke yi masa."

Daga zaure Malam ya ce, "Aika. Amma ka gaya musu na Maraɗi ne, kada wani ya ce shi ya ƙirƙiro."

Hadarin farko ya haɗo ranar wata Laraba da hantsi, da iska mai ƙarfi, ya zubar da ruwa ya wuce. Kafin azahar ƙanena ya aiko ɗan kabu-kabu ya ce rumfa tana nan, albasa ko ɗigo ba ta sha ba. A ranar ne kuma mai motar Agadas ya yi sallama a ƙofar gida, ya ce jibi za su tashi, saura wuri ɗaya. Ina bayan ƙyauren zaure, tsintsiya a hannu, ba shara nake ba.

Ɗan farina ya fito yana goge hannu. Kafin ya yi magana Malam ya ce, ba tare da ya ɗago daga katakon da yake dubawa ba, "Jibi muna Tibiri. Masallacin unguwar kawunnanka rufinsa ya tsufa, kuma su ma sun ji labarin ba ginshiƙi. Ka taho da akwatin. Ka taho da metir kuma, ka auna da kanka, ina tsaye."

Mai motar ya dubi wannan ya dubi wancan. Ɗan farina ya ce masa, "Ka ji. Ba wa wani wurin."

Na koma bakin murhu. Na ce wa surukata ta ƙara mudu ɗaya a tuwon dare, kuma ta sa kuɓewa ɗanya a miya, ba busasshiya ba. Ta ce, "Ai ita yake so." Na ce ban tambaye ta ba.